Neman Malam Salop

Maƙwabcina a Birmingham wani tsohon Bature ne, Baba nake ce masa, ciwon gwiwa ya hana shi yawo. Ran nan ya nuna mini takardar ƙidayar 1851 da jikarsa ta ciro masa a intanet. Ga sunan kakan kakansa, maƙerin ƙusa, a gurbin mahaifa an rubuta "Salop, Halesowen". So yake a gano masa ranar da aka yi wa mutumin baftisma, don kafin 1837 gwamnatin Ingila ba ta rajistar haihuwa, sai littafin coci, wanda aka wajabta ajiyewa tun 1538.

Na bugi ƙirji. "Baba, bar mini. Mu a gida kakanni bakwai muke jerowa ba takarda." Allah ya yafe mini, a na uku nake cijewa.

Kwana biyu na yi ina neman wani Malam Salop, a zatona uban maƙerin ne. Ashe tsohon sunan lardin Shropshire ne. To, Halesowen na san shi, bas mai lamba 9 ke kai ni can cefane, amma wannan ai a lardin West Midlands yake. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa akwai wani Halesowen na biyu, kamar yadda ba a rasa Sabon Gari a ko'ina. Ban yi shawara da kowa ba. Na cika fulas da shayi, na hau jirgin ƙasa, tafiyar kusan awa guda zuwa Shrewsbury, babban garin Shropshire.

A ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na duƙufa kan taswirar lardin, ina bin ta da yatsa daga sama har ƙasa, sau uku. Babu. Wata dattijuwar ma'aikaciya ta ga ina gumi cikin sanyi, ta tambayi abin da ya ɓace mini. Na ce gari. Ta ɗauko tsohuwar taswira ta shimfiɗa, ta ɗora bakin fensir kan wani ɗan ɗigo can gefe, ya ware daga jikin lardin kamar ɗan akuyar da ya ɓace wa garke, lardunan Worcestershire da Staffordshire sun sa shi a tsakiya. Ta ce bayan Normawa daga Faransa sun ci Ingila a 1066 aka ba wa Roger de Montgomery, hakimin Shrewsbury, wannan ƙasa, sai aka liƙa ta da lardinsa, ba a mayar da ita Worcestershire ba sai 1844. A 1974 kuma aka sake yi mata gida a West Midlands.

Da nan ta tsaya da sauƙi. Wai a wancan zamani ita kanta gundumar cocin ta Halesowen ƙafa ɗaya a wannan lardi take, ɗaya a wancan: Oldbury na Shropshire, Cradley na Worcestershire, Warley kuwa rabawa aka yi, Warley Salop da Warley Wigorn, gonakinsu a cakuɗe kamar wake da shinkafa. Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane.

"Daga ina ka zo?" in ji ta.

Na ce Birmingham. Ta cire tabarau ta dube ni da tausayi.

Da yamma na koma, na zayyana wa Baba komai. Ya yi dariya har da tari. "Ɗana, da ka tambaye ni mana. A cocin nan aka ɗaura aurena."

Ya miƙo mini biskit biyu. Kuɗin jirgi dai har yau bai ɗaga maganar ba.