Yaron da ya ari bakin akuya

Jiya wani ɗan'uwa ya ga hoton yaran wani sansanin 'yan gudun hijira suna wasan kwaikwayo, sai ya rubuto min cewa: "Malam, mutanen da suka rasa gida da iyaye, wasa za ku kai musu? Ku kai musu abinci da magani mana." Ban ga laifinsa ba, don ni ma na daɗe da irin wannan tunanin. In ma a ranar farko ne, gaskiyarsa ce. Wanda ya kwana uku yana gudu, ruwa yake nema da inda zai sa haƙarƙarinsa, kuma duk wanda ya tare shi da ganga a wannan rana bai san abin da yake yi ba. Sai dai yaƙi ba ya ƙarewa a ranar farko. Sati ya wuce, wata ya wuce, shekara ta zagayo, an ci an sha, kumburin ƙafa ya saɓe, sai ka ga mutum zaune a bakin tanti, idonsa biyu, amma hankalinsa yana can inda ya baro.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa cikin duk mutum biyar da suka zauna inda ake yaƙi, kusan ɗaya yana fama da ciwon damuwa, ko fargaba, ko firgicin abin da ya gani, ko wata larurar ƙwaƙwalwa da ta fi waɗannan nauyi. To ina likitocin da za su zauna da kowa ɗaya bayan ɗaya, a ƙasar da asibitin kansa aka jefa wa bom? Ko da likitan ya samu, akwai abin da mutum ba zai iya buɗe baki ya ce "ni ya faru da ni" ba.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona, lokacin da na yi aikin sa kai da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a wani sansani. Akwai wani yaro da bai wuce shekara goma ba. Tun da suka iso ba wanda ya ji muryarsa sai a cikin barci. Yana fitsarin kwance, in an buga murfin tukunya sai ya dunƙule ya toshe kunne. Sun fito su uku, shi da mahaifiyarsa da ƙanensa, su biyu suka iso. Kowa ya san wannan, kuma ba mai tayar da zancen.

Ba mu tambaye shi komai ba. Mun tara tsofaffin safa da maɓallai da zare, yara suka ɗinka 'yan tsana, muka rataya bargo tsakanin sanduna biyu, mai so ya shiga baya ya ɗago hannu ya ba da labarin da ya ga dama. Shi kuwa sai ya zauna nesa yana kallo. Haka ya yi sati uku. Ran nan, ba wanda ya kira shi, ya ɗauki wata safa mai kunnuwa biyu ya shige bayan bargon. Da wata siririyar murya ya fara: wai akwai wata akuya mai 'ya'ya biyu, kura ta shigo da dare, uwar ta ce wa babban ya riƙe ƙaramin, suka yi ta gudu cikin duhu. Sai muryar ta tsaya. Can ta dawo tana rawa: "Ba ni na sake shi ba. Hannunsa ne ya suɓuce."

Akuya ba ta da hannu, jama'a. Duk wanda ke wurin ya san mai maganar.

Mahaifiyarsa tana can baya tare da sauran mata. Ta taso a hankali, ta durƙusa a gaban bargon, ta dubi safar, ta ce: "Ki gaya wa ɗan akuyar nan, uwarsa ba ta taɓa ganin laifinsa ba. Ko sau ɗaya." Wata shida suna kwana tanti ɗaya da wannan magana a tsakaninsu, shi ya kasa tambaya, ita kuma ba ta san abin da ke cin sa ba ke nan.

A nan ne na gane aikin da wasa yake yi. Yana ara wa mutum baki. Abin da ya fi ƙarfin a ɗauke shi da hannu, sai a sa tsumma a ɗauka, kuma labarin akuya, ko zane a takarda, ko baitin waƙa, shi ne tsumman. In zafin ya yi yawa mutum yana da mafita, sai ya ce ai wasa ne, ya ajiye safar ya koma wurin zamansa da mutuncinsa. Shi ya sa a 2013, a birnin Amman na Jodan, da matan Siriya 'yan gudun hijira suka hau dandamali, wani tsohon wasan Girka aka ɗauko musu, mai shekaru sama da 2,400, kan matan da aka cinye birninsu da yaƙi, aka kashe mazansu. Cikin kukan waɗancan matan na dā suka saƙa nasu labarin.

Akwai kuma abu na biyu, wanda na fi jin an manta da shi. Babban abin da yaƙi ke ƙwace wa mutum shi ne ikon cewa e ko a'a. Ba a yi shawara da kai ba aka ƙone gidanka, ba kai ka zaɓi hanyar gudu ba, ka zo sansani ma layi za ka bi, a ba ka lamba, a gaya maka ranar rabo. Amma a filin wasa kai ke cewa a tsaya, a sake daga farko. Wani ɗan Birazil, Augusto Boal, ya gina salon wasansa a shekarun 1970 a kan wannan: ana cikin wasa ɗan kallo ya ɗaga murya ya ce a dakata, ya hau ya karɓi matsayin wanda ake zalunta, ya gwada tasa dabarar. Na ga dattijuwar da ba ta haɗa ido da kowa ta miƙe ta ce: "A'a, ba haka za ta amsa masa ba, matsa in nuna miki." Ranar na fara jin cikakkiyar muryarta.

Kada wani ya ɗauka baƙi ne ke ɗora wa mutane wannan abu. An yi wa birnin Sarayebo na Bosniya ƙawanya daga Afrilun 1992 har zuwa Fabrairun 1996, ba wuta, ba ruwan famfo, maharba na kan tsaunuka suna ɗauke mai tsallaka titi. Tun a watan Mayun 1992 'yan wasan garin da kansu suka kafa gidan wasan kwaikwayo na lokacin yaƙi. Da kyandir ake haska dandamali, 'yan wasan da yunwa a cikinsu, masu kallo kuma sai sun sayar da rai kafin su iso. Suka riƙa zuwa. A Ruwanda, shekara goma bayan kisan ƙare dangi na 1994, mata daga ɓangarorin biyu, Hutu da Tutsi, suka haɗu suka kafa ƙungiyar makaɗa ta Ingoma Nshya, alhali a dā ganga ta maza ce. Waɗanda zama a yi hira zai yi musu wuya, sai ga hannuwansu suna sauka a kan fata lokaci guda.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Friedl Dicker-Brandeis, malamar zane Bayahudiya da 'yan Nazi na Jamus suka kai sansanin tsare Yahudawa na Terezin, a ƙasar Czech ta yau, a ƙarshen 1942. Kaya kaɗan aka yarda kowa ya ɗauka, ita kuwa ta cika nata da kayan zane. Ta riƙa tara yara tana koya musu, in takarda ta ƙare su yi a bayan tsofaffin fom, kuma takan sa kowane yaro ya rubuta sunansa a jikin zanensa, a wurin da hukuma ta mayar da mutane lambobi. Kafin a tafi da ita sansanin kisa na Auschwitz a watan Oktoban 1944, inda aka kashe ta, ta cusa zane sama da 4,000 cikin akwatuna biyu aka ɓoye. Yawancin yaran ba su tsira ba. Zanen bai kare su daga mutuwa ba, ba kuma zan ce ya yi ba. Amma sun sami sa'o'in da suka zama yara, kuma har yau sunayensu na nan a gidan tarihin Yahudawa da ke birnin Firag, da rubutun hannunsu.

A Terezin ɗin nan dai aka nuna mummunar fuskar abin. A watan Yunin 1944, da wakilan ƙungiyar agaji ta Red Cross suka zo duba sansanin, 'yan Nazi suka share tituna, suka sa yara suka yi musu wasan waƙa, don duniya ta ce lafiya lau ake zaune. Bayan 'yan watanni aka loda yawancin yaran a jirgin ƙasa zuwa Auschwitz. Duk lokacin da wasa ya koma na burge baƙo, ya tashi daga hannun masu ciwon.

Ni kaina na taɓa faɗawa wani ƙaramin rami irin wannan, kuma har gobe abin yana damuna. Aka ce mana manyan baƙi za su zo daga wata ƙungiya mai ba da tallafi, a shirya wasan da zai "taɓa zuciya". Na yarda. Muka tsara daren da aka kai hari, har na nemo ƙarar bindiga na sa a lasifika don abin ya yi kama da gaske. Ƙarar na tashi yara suka watse, wasu suka shige ƙarƙashin benci, wata mata ta yanke jiki ta faɗi. Baƙi suka ɗauki hotunansu suka tafi. Matar nan ba ta sake takowa wurinmu ba, kuma maƙwabciyarta ta ce min ta yi kwanaki ba ta runtsa ba. Garin neman gira muka taɓa ido. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi kan tsarin nan na zaunar da mutum jim kaɗan bayan masifa a sa shi ya zayyano duk abin da ya faru a zama ɗaya, domin bai tabbata yana taimako ba, yana iya ma fama ciwon.

Saboda haka in kana wannan aiki, ko kana ba da kuɗin yin sa, don Allah ka bar mai labari ya zaɓi ranar da zai ba da labarinsa, ko ma ya ƙi bayarwa har abada. Yaron da ya ce shi ƙwallo da furanni zai zana, a bar shi, kada a ce sai ya zana jirgin yaƙi. A kashe kyamara. A nemi wanda mutanen suka sani, mai jin harshensu, wanda zai dawo sati mai zuwa da na bayansa, domin yaron da komai nasa ya rushe yana samun natsuwa ko da daga sanin cewa duk ranar Talata da yamma za a rataya bargo. Sannan mai koyar da wasa ya san iyakarsa. Wanda ya daina cin abinci, ko yake jin muryoyi, ko yake zancen kashe kansa, wannan na likita ne, a kai shi tun da wuri. Masu cewa ai sai addu'a, na yarda da ku ɗari bisa ɗari, amma ko karaya ce ana addu'a ana ɗori.

Shi yaron nan bai warke a wannan yammacin ba. Fitsarin kwance ya ɗauki watanni kafin ya tsaya, kuma har na bar sansanin ƙarar babur tana razana shi. Ƙanensa ba a sami labarinsa ba. Amma bayan kamar sati biyu, ina tattara kaya a buhu, na ji an ja min gefen riga. Na juya, ga shi tsaye da akuyarsa a hannu. Da muryarsa ta ainihi, karo na farko, ya ce: "Malam, ina 'yar'uwar safar nan?" Na zazzage buhun muka yi ta tono har muka same ta, ta ɗan yage a dunduniya. Na tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce ƙaramin zai ɗinka, ya miƙo hannu in ba shi allura.