Tsohon gini ba ya magana sai an yi masa baki

Kwanakin baya na kai yarana wani wurin tarihi a nan jihar Bauchi. Maigadi ya buɗe mana, ya nuna bango da sandarsa ya ce, "To, ga shi nan, aikin mutanen da ne." Autata ta tambaye shi yadda rufin ƙasa ya tsaya ba ginshiƙi. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ikon Allah." Ban ga laifinsa ba, gadi aka ɗauke shi.

Ba wuraren nunawa muka rasa ba. Ga ƙofofin ganuwar Bauchi, garin da Malam Yakubu ya kafa, su Ƙofar Ran, Wunti da Inkil. Ga kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966. Ga rijiyoyin Dukkey da kufan narka tama a dajin Yankari, waɗanda masu zuwa wanka a ruwan ɗumi na Wikki ba su cika waiwaya ba. Abin da muka rasa shi ne masu sanin abin, a zaune a wurin, hannunsu na aiki.

Ɗauki Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, ginin da ake dangantawa da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'ar Zariya. Darajarsa tana cikin dabarar ginin: yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali, a jera azara ana tanƙwara baka har rufi ya haɗe, a bi da makuba, wato shafen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, don kare ruwa. Ginin ƙasa kuwa kullum yana neman yaɓe kafin damina. To me zai hana ranar yaɓen ta zama ranar karatu? A kira tsofaffin magina, a biya su, a kawo 'yan makaranta su naɗe wando su shiga kwaɓa. Yaron da ya taka ƙasar nan da ƙafarsa ba zai sake kiran gidan kakansa ƙauyanci ba.

Wasu za su ce wannan wasan kwaikwayo ne na burge baƙi. Tsoron yana da tushe, don na sha ganin an sa wa matasa rawanin aro a yi hoto a watse. Maganinsa shi ne a ɗauko mai sana'ar gaske, maƙerin da ke ci da maƙerarsa, marokin fada da ya haddace jerin sarakuna, kuma a saurari masarauta da masu unguwa kafin a tsara komai daga ofis.

Batun kuɗi ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Abin da ake kashewa kan rumfa da lemo a taron biki guda zai riƙe magini da almajiransa biyu wata da watanni. Su maginan nan fa yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun koma bulo da siminti.