Fentin azurfa a bututun iska ba ya ƙara wa mota ƙarfi

Gaskiya wannan maganar da kuka rubuta cewa in an fesa wa bututun iskar injin fenti mai ruwan azurfa iska za ta yi sanyi mota ta ƙara gudu, ni ban yarda ba, ai roba ce ba ƙarfe ba, ba ta saurin ɗaukar zafi kuma iskar wucewa kawai take yi da gudu, yaushe ma ta tsaya balle launin fenti ya yi mata wani abu? In don ado ne to ba laifi, amma ku gaya wa mutane irin wannan robar ba ta riƙe fenti haka kawai, sai an kunce bututun an wanke maiƙon baƙin mai tas da sabulu, a goge da samfefa mai laushi, a fesa firaima na roba, wato fentin farko da ke sa na sama ya kama, tukuna, in ba haka ba zafin injin zai sa ya dinga ɓarewa. Kuma don Allah a cire sensar iskar, wato na'urar da ke auna iskar da ke shiga injin, a toshe bakin bututun biyu da tef, fenti ya taɓa sensa mota ta fara shan mai tana kakarewa, wanda ya ɓare a ciki kuma injin zai zuƙe. Malam da ka ce a fesa wa bututun fenti yana jikin mota, wayoyin da ke gefen fa? Abin da ya fi damuna ma fenti yana ɓoye tsagewa, kuma tsagar da ke bayan filta mai tace iska ƙurar hunturu take shigarwa injin kai tsaye, me ya sa ba ku ce a fara duba wannan ba?