Makin fratikal: muna biyan yara su rubuta abin da ba su gani ba

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin fratikal ɗin Kemistiri ranar WAEC ko NECO a yawancin makarantunmu ya san wannan maganar, faɗar ce dai ba a cika yi ba. Yara sun cika ɗaki, buret ɗin da ke aiki, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni da ake ɗiga asid da shi, ba su taka kara sun karya ba, wasu ma suna yoyo ta wajen famfo, amma in ka bi takardun amsa ɗaya bayan ɗaya sai ka ga kowa lamba guda ya samu, 23.50 a karo na farko, 23.50 na biyu, 23.50 na uku, har yaron da hannunsa bai taɓa fifet, ɗan bututun da ake ɗibar ruwan gwaji da shi, ba tun da aka shiga. Ba wani siddabaru ba ne. A tsarin makin ɗin titireshan, wato gwajin auna yawan asid ɗin da za a ɗiga kafin launin ruwan ya juya, malamin makarantar shi ma yana yin nasa gwajin, ya rubuta abin da ya samu a haɗa da takardun yara a tura, mai makin sai ya kwatanta na yaro da na malam, in sun yi kusa sosai a ba shi makin daidaito, in sun yi nisa maki ya zube. To da zarar lambar malam ta kuɓuce daga bakinsa, ko ta bayyana a gefen allo na ɗan lokaci aka goge, ai fratikal ya ƙare, saura zuba ruwa a kwalba don mai sa ido ya ga ana motsi.

Ni dai ba WAEC nake tuhuma ba. Hukumar da ke jarraba yara sama da miliyan ɗaya da rabi a shekara dole ta nemi ma'aunin da za ta riƙe, kuma asid ɗin da aka haɗa a Gusau ba lallai ƙarfinsa ya zo daidai da wanda aka haɗa a Yola ba, shi ya sa ake neman lambar malamin wurin. Hujja ce mai kyau. Inda nake ganin ɓarnar take shi ne shekara ukun da suka gabaci wannan ranar, daga SS1 zuwa SS3, lokacin da maki ke hannun malamin aji shi kaɗai ba mai tsaya masa a kai, a nan ne muke koya wa yaro cewa abin da ya gani da idonsa ba shi ake saye ba, lambar da ke littafi ita ake saye.

Shi wannan makin na cikin zango da muke kira C.A. ba jiya aka ƙirƙiro shi ba, yana cikin manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, aka shigo da shi gadan-gadan tare da tsarin 6-3-3-4 a 1982. Niyyar kuwa mai kyau ce, kada a yanke wa yaro hukunci da jarabawar rana ɗaya, a riƙa duba shi a hankali ta fuska uku, abin da ke kansa, halinsa, da aikin hannunsa. Har yau in ka juya ripot kad za ka ga gidajen nan na tsafta da zuwa a kan lokaci da iya riƙe kayan aiki, waɗanda fom masta ke cikewa a dare ɗaya, kowa huɗu huɗu. Amma je ka duba yadda ake raba makin a ajin kimiyya yanzu. Tes na farko goma, tes na biyu goma, asaimen goma, duba not goma, jarabawa sittin, wasu makarantun kuma talatin da saba'in suke yi. Ina aikin hannun? Babu. Tes ɗin biyu "kawo ma'anar kaza, lissafo kaza guda biyar" ne, asaimen mutum ɗaya ke yi aji ya kwafa da safe kafin asambuli, yanzu ma da waya ta zo ko mutum ɗayan ba a buƙata. Shi kuwa makin not wallahi ya fi komai ba ni haushi, maki goma sukutum a kan yaro ya kwashe abin da ke allo ya zuba a takarda, wanda ma bai zo aji ba ya ari na abokinsa ko ya ba ƙanwarsa mai kyan rubutu ta kwafa masa. Kamar a ce an yaye ɗan koyon ɗinki saboda ya rubuta sunayen sassan keke tsaf a littafi alhali ƙafarsa ba ta taɓa hawa kansa ba.

Ko a inda ake ɗan taɓa fratikal ɗin ma, dubi yadda ake makin. A ɗauki gwajin lilo na Fiziks, zare da ɗan ƙarfe a ƙasa, a auna tsawon zaren, a ƙirga kai-komo ashirin da agogo, a canza tsawo a sake, a zana giraf a fitar da ƙarfin jan ƙasa wanda littafi ya ce kusan 9.8 ne. Zare mai tsawon mita ɗaya kai-komonsa ɗaya kusan daƙiƙa biyu ne, ashirin ke nan wajen daƙiƙa arba'in. A ce yarinya ɗaya ta tsaya ta ƙirga da gaske, hannunta ya ɗan makara wajen danna agogo, ɗigon giraf ɗinta biyu suka kauce wa layi, ta samu 9.1 ta rubuta hakan. Ta kusa da ita kuma mai wayo ce, ta san amsar tun daga gida, sai ta faro lissafi daga baya ta ƙago lokutan da za su ba ta 9.8 cif, giraf ya miƙe sambal ba ɗigo ko ɗaya a waje. Wa zai fi maki? Kowa ya san amsar. Ta farkon kuma ba wawuya ba ce, zango mai zuwa ita ma ta gane hanya. Sai ka zo wajen da ake cewa a faɗi matakan kariya da aka ɗauka, nan ma hadda ce, kowa ya rubuta wai ya tabbatar an kashe fanka don kada iska ta kaɗa lilon, a ajin da ko wayar wuta ba a ja ba, kuma a ba shi makinsa cikakke.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai yara ne, maki ne kawai. Waɗannan yaran fa su ne gobe za su zauna a lab ɗin asibiti suna duba jinin mutane, su ne za a ba samfurin kankare a ce su gwada ƙarfinsa kafin a ɗora bene, su ne za su auna ruwan rijiyar burtsatse su ce a sha ko kada a sha. Duk aikin nan kansa guda ne, ka rubuta abin da na'ura ta nuna maka ko da ba shi mai gida ke son ji ba. Mu kuma shekara uku muna ba su lada a kan kishiyar haka.

Na san abin da malamai za su ce kuma da gaskiyarsu. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ɗalibi arba'in a sakandare, amma a makarantun gwamnati na cikin birane aji ya haura ɗari ba labari ba ne, kuma sau da yawa malamin Fiziks ɗaya ne tal daga SS1 har SS3, in ya ce zai karanta bayanin kowane yaro layi-layi sai zango ya ƙare bai gama ba, shi ya sa yake neman lamba ɗaya da ido zai faɗa kanta ya ja jan biro ya wuce. A makarantun kuɗi kuma wata matsalar ce daban, mai makaranta ba ya son ganin ja a ripot kad don kada uba ya cire ɗansa, ga shi makin C.A. ɗin ana tura shi WAEC a haɗa da na jarabawa, to wa zai tura ƙaramin maki ya kashe kasuwarsa. Mu iyaye ma da namu, yaro ya dawo da sakamako tambayar farko "na nawa ka zo?", ba mai cewa me kuka gwada a zangon nan.

Uzurin da ban yarda da shi gaba ɗaya ba shi ne na rashin lab. Gaskiya ne ba kowace makaranta ce za ta zama irin Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ba, waɗanda Kano ta buɗe a 1977 musamman don kimiyya, kuma kowa ya ga likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Amma gwajin lilon nan zare ne da dutse da agogon wayar malam. Darasin asid da kishiyarsa kuwa kayansa na kicin ɗin kowane gida, a jiƙa zoɓo a tace, a ɗiga masa lemun tsami ko ruwan tsamiya ya ƙara ja, a ɗiga masa ruwan kanwa ko na toka ya juya ya yi duhu yana komawa kore, yara su ƙirga ɗigo nawa na kanwa ya ci kafin launin ya juya, su sake da ruwan da aka ƙara sirkawa su ga bambanci. Tunanin titireshan ke nan gaba ɗayansa, kuma gani ya kori ji. Ba zai maye gurbin buret ba, dole dai kafin SS3 yaro ya riƙe na gasken, amma ya isa a ba da maki a kai.

Abin da nake ganin za a iya yi ba tare da an jira kasafin kuɗin kowa ba, a ɗauke makin nan goma daga duba not a mayar da shi kan takardar gwaji ɗaya tak a zango. A raba yara biyar biyar don aikin makin ya ragu, su rubuta lambobinsu da biro a wurin, malam ya sa hannu kafin su fita don kada a je gida a gyara. Makin kuma a raba shi a kan teburin da suka cike, da giraf, da bayanin da suka yi na dalilin da ya sa nasu ya bambanta da na littafi, ko a faɗe shi da baki cikin minti ɗaya malam ya nuna wanda ya ga dama a cikin biyar ɗin ya amsa, da Hausa ma in Turancin ya tsaya masa, don wani yaron ya gane abin sarai harshe ne ya kayar da shi. Kada a ware ko maki ɗaya na cewa amsa ta zo daidai da littafi. Wanda ya kawo 9.8 cif da agogon waya shi ne ma ya kamata a ce ya zo ya maimaita a gaban aji.

Masu tsoron cewa hakan zai rage wa yara shirin WAEC su nemi rahoton manyan masu makin na hukumar su karanta, shekara da shekaru kukan da suke yi ke nan, yara ba su saba da kayan aiki ba, ba su iya karanta ma'auni ba, ba su iya zaɓar sikelin giraf ba. Su kuma jami'an ma'aikatar ilimi da ke zagayen duba makarantu, yanzu abin da suka fi dubawa shi ne ko an cike gidajen rajistar maki, in babu gurbi su sa hannu su wuce. Su riƙa zaɓar suna uku daga rajistar nan, su ce a kawo musu takardar gwajin da aka ba wa wannan makin, su kira ɗaya daga cikin yaran su tambaye shi da me ya auna.