Baro: an gina tasha, an manta da hanya

Duk mai son ya ga yadda hanya ke raya gari, ta kuma kashe shi, ya je Baro da ke ƙaramar hukumar Agaie a jihar Neja. Ƙauyen Nufawa ne a bakin kogin Kwara, masunta da manoma, har zuwa 1907 lokacin da Turawan mulkin mallaka, ƙarƙashin Gwamna Girouard, suka zaɓe shi ya zama mafarin layin dogo zuwa Kano. Dalilinsu a fili yake: idan kogi ya kawo, jiragen ruwa kan taso daga teku su sauke ƙarafan dogo a nan. A 1911 jirgin ƙasa ya isa Kano, gyaɗa da auduga da fatu suka fara gangarowa, Baro ta cika da leburori da akawu da 'yan kasuwa.

Sai dai daɗin bai daɗe ba. An haɗa layin da na Legas a Minna, aka kammala gadar Jebba a 1916, kaya suka koma wucewa kai tsaye zuwa bakin teku, rani da damina, ba sai an jira ruwa ba. Daga nan garin ya fara ja da baya, har ciyawa ta cinye dogon.

A 2009 marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya zo ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa, da injin ɗaga kaya da ɗakunan ajiya. Aka yi tafi, aka watse. Shekaru suka biyo baya injin na tsaye yana shan rana da ruwan sama, domin hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa Baro ba ta ɗaukar babbar mota, dogon Minna kuma ya mutu.

A ganina an yi riga malam masallaci. Bature, duk da cewa aljihunsa yake wa aiki, bai raba tasha da dogo ba, tare ya yi su. Wane ɗan kasuwar Kano ne zai sauke kwantena a inda tirela ba za ta fita da ita ba? A fara da titin nan da dogon Minna, a kuma riƙa yasar kogin, don yashi ba ya jiran kasafin kuɗi.