Gidan talaka da kuɗin makarantar ɗansa

Jama'a, tun ranar da mai gidan da nake haya a Shikago ya turo min takardar ƙarin kuɗi nake son yin wannan rubutu. Da na kira shi bai ja magana ba, ya ce harajin gida ne ya tashi, har ya ɗauki hoton takardar harajin ya turo min a WhatsApp don kada in ce zuƙi ta malle yake min. A nan idona ya faɗa kan wani layi mai haruffa uku, TIF (Tax Increment Financing, wato raya unguwa da ƙarin harajin gidajenta), kuma kuɗin da ke gabansa ba na yara ba ne.

Ga yadda abin yake. Hukumar birni za ta shata wata unguwa ta ce ta lalace, tana buƙatar agaji. Sai a rubuta darajar gidaje da filayen unguwar a wannan shekara, a ƙulle ta a nan. Makarantu da ɗakunan karatu da wuraren shaƙatawa su ci gaba da karɓar rabonsu na haraji a kan wannan tsohon ƙiyasi kawai. Duk abin da ya ƙaru daga baya saboda gidaje sun yi daraja, asusu na daban ake zuba shi don ayyukan raya wannan unguwar, har shekara 23 a jihar Ilinoyi, kuma majalisar jiha na iya ƙara 12. Sau da yawa ma ba a jira kuɗin su taru, alkawarinsu ake yi wa maginin tun kafin a sa tubali, kamar manomin da ya sayar da gero tun yana tsaye a gona.

Ba zan yi butulci ba, na ga inda abin ya yi rana. A unguwar Uptown akwai tsohon filin gyaran jiragen ƙasa da gobara ta ci a 1996, ya daɗe kango. Da kuɗin TIF aka gina gidajen haya masu rahusa 178 a wurin, wasu na tsofaffi, wasu na masu iyali, aka buɗe kantin Target a gefensu a 2010. Kansilar yankin ta lokacin, Helen Shiller, ta sha zagi kafin a kai ga haka. Duk sanda na je cefane a can nakan ga tsofaffi suna jan kekunan kayansu, ƙofar gida da ƙofar kanti taku kaɗan ne.

To amma wannan kuɗi ba daga sama suka faɗo ba. Kusan rabin harajin gida a Shikago na makarantun gwamnati ne. A 2013 magajin gari Rahm Emanuel ya rufe makarantu kusan 50, galibi a unguwannin baƙar fata na kudu da yamma, wai babu kuɗi kuma ɗalibai sun ragu. A 2013 ɗin nan dai aka ware dala miliyan 55 na TIF don aikin otal kusa da babban zauren taro na McCormick Place. A 2019, Emanuel yana dab da sauka, majalisar birni ta amince da alkawarin da ya kai dala biliyan 1.3 ga aikin Lincoln Yards, filin da ke tsakanin Lincoln Park da Bucktown, unguwannin masu hannu da shuni. Wai nan ne ya lalace! Shekaru sun shuɗe, yawancin filin ciyawa ce.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne ginin dabarar kanta. Asusun ba ya cika sai inda darajar gida ke hawa. Inda daraja ke hawa kuwa nan haya ke tashi, nan ake korar talaka a hankali ba tare da an ce masa tashi ba. Unguwa irin Englewood, wadda ta fi kowa buƙata, abin da asusunta ke tarawa bai kama ƙafar na titin LaSalle a tsakiyar gari ba. Wato a kori iyali ɗari, a gina wa ashirin gida, a yanka kyalle a gaban 'yan jarida.

Shi ya sa ni dai ban yarda da TIF ba sai an rubuta rabon talaka baƙi da fari, ba a bar shi ga ganin damar kansila ba. Birnin Portland na jihar Oregon ya yi haka a 2006, kashi 30 cikin ɗari ga gidaje masu rahusa, ya ɗaga zuwa 45 a 2015. Kalifoniya, inda aka ƙirƙiro abin a 1952, ta wajabta kashi 20 tun 1976. Da gwamna Jerry Brown ya rushe hukumomin da ke tafiyar da TIF a jihar kusan 400 a 2012 don makarantu su samu kuɗinsu, wajen dala biliyan ɗaya a shekara na gidajen talakawa ya tafi da su. Gaba kura, baya sayaki.

A 2024 magajin garin Shikago Brandon Johnson ya bi wata hanyar: birni ya ci bashin dala biliyan 1.25 na gidaje da raya unguwanni, a biya da harajin da zai dawo yayin da wa'adin tsofaffin asusun ke ƙarewa. Ko ba komai kuɗin za su iya tsallaka iyakar unguwa. Ni kuwa na sa hannu a sabuwar yarjejeniyar haya jiya, da ƙarin a ciki, kuma na roƙi mai gida ya riƙa turo min takardar harajin duk shekara.