Haruffan tseren mota a kan sanarwar rasuwa? Haba dai!

Wallahi tun safe nake danne maganar nan, ta ƙi dannuwa. Duk kun ga fostar da ake ta turawa a guruf-guruf ta rasuwar dattijon nan, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ba zan ɗora ta a nan ba saboda darajar iyalansa. Amma wanda ya zana ta ya yi ɓarna, kuma da shi kaɗai ne da na yi shiru.

An yi rashi, ana zaman makoki, kai kuma ka buɗe PixelLab, manhajar zane ta waya, ka zaɓo haruffan nan masu faɗi, masu jingina dama, waɗanda aka datse wa baki, ka zuba musu shuɗi mai ƙyalli da inuwa, ka rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu da aiki, injiniya! Saura ka ƙara hayaƙin taya da kofin zinare, mu san wa ya zo na ɗaya.

Kowane salon haruffa da aikin da aka ƙera shi dominsa. Wannan na gudu ne da nuna zamani, shi ke nan. Kakansu wani salo ne mai suna Eurostile, wanda Aldo Novarese ya fitar a Italiya a 1962. Ku dubi harafin O ɗinsa, ba da'ira ba ce, murabba'i ne mai lanƙwasassun kusurwoyi, irin gilashin talabijin na wancan zamani. Masu finafinan sararin samaniya suka rungume shi har ido ya saba, da ka gan shi sai ka tuna kumbo da na'ura. 'Yan baya suka kwantar da irinsa wajen digiri 10 zuwa 12, suka yanke ƙafafun haruffan a karkace, sai kalma ta zama kamar tana shirin zabura. Shi ya sa tambarin da gasar tseren motoci ta Formula 1 ta fito da shi a 2017 ya jingina gaba. A can ya dace. Ya dace a rigar ƙwallo, a wasan bidiyo, a gwangwanin lemon ƙara kuzari, a allon shagon waya a kasuwar Farm Centre ta Kano. Kalma biyu ko uku, manya, a hango daga nesa. Iya aikinsa ke nan.

To me ya kawo shi gidan mutuwa?

Kuma ba kanun kaɗai ba, har ranar addu'a da kwatancen gida da shi aka rubuta, ƙanana-ƙanana. A wannan girman S da 5 ɗaya ne, O da 0 da D ɗaya ne, C da G sai ka yi duba. Na ga baffanmu ya kai waya har bakin hanci yana ja da yatsu biyu, daga ƙarshe ya miƙa wa jikansa ya ce "karanta min, ƙarfe nawa suka ce?" Sanarwar da dattawa ba za su iya karantawa ba, wa aka sanar?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne "Allah ya jiƙansa". Duk haruffa sun kwanta, masu kauri, sai ƙ ita kaɗai a tsaye, siririya, kamar baƙuwar da ta shigo gidan biki ba anko. Dalili kuwa yawancin masu ƙera irin wannan salo manyan baƙaƙen Turanci da lambobi suke zanawa, ba ruwansu da ƙ da ɗ da ɓ. Idan manhaja ta nema ta rasa, sai ta aro daga wani salon ta liƙa. Mai zane ya gani da idonsa, ya tura a haka. Alhali ga salon haruffa irin su Noto, da Andika, da Charis, duk kyauta ne, duk suna da haruffanmu.

Na san me za a ce. "Ai zamani ne." Zamanin ne ya ce kada a karanta? "Ai masu aikin ne suka ce suna so." Mutanen da ke cikin jimami ne za su zauna zaɓen haruffa? Kai aka ba amana. "Ai kyauta ya yi musu." Allah ya ba shi lada, amma kyauta ba ta hana natsuwa. Wani kuma zai zo da ilimi ya ce ai kwantaccen rubutu tsohon abu ne. Mun sani, tun 1501 Aldus Manutius ya buga littafi da shi a Venis, amma wancan rubutun hannun marubuta ya kwaikwaya, don a karanta shafi guda a huta. Naka kuwa inji yake kwaikwayo. Kada a haɗa su.

Ƙannena masu dizain, tsakani da Allah ina alfahari da ku. Da waya ɗaya wasunku ke biyan kuɗin makaranta, har su taimaki gida. Ni kaina ina son haruffan nan idan an sa su a muhallinsu. Roƙona kawai, kafin ka taɓa komai ka tambayi kanka wa zai karanta, kuma a wane hali yake. Katin ɗaurin aure, walimar sauka, sanarwar asibiti, ta'aziyya, babu mai sauri a cikinsu.

Af, wai ina masu rubutun allo da burushi suka shige ne? Waɗanda ke rubuta "Allah ya kiyaye hanya" a bayan manyan motoci, layi ya miƙe ba ko rula. Bana shekara guda ke nan da allon tallan leda na shagon yayata ya koɗe, ga allon fenti na maƙwabcinta tun muna yara yana nan daram. Duk wanda ya san mai wannan sana'a da har yanzu yake yi a cikin Kano, don Allah ya yi min magana ta inbok.